Kasuwa da masana'anta a Maraɗi: yadda ayyukan yi suka kasu a birnin bakin iyaka

1. Gabatarwa

An saba kiran Maraɗi babban birnin tattalin arzikin Nijar. Wanda ya ji wannan kirari daga nesa zai zaci gari ne mai manyan masana'antu da dubban leburori. Ba haka abin yake ba. Masana'antun garin ƴan kaɗan ne, waɗanda aka kafa da ƙarfin gwamnati kuma yawancinsu sun rufe ko sun canza hannu. Duk da haka garin bai daina girma ba. Ƙidayar 1977 ta sami mutum kimanin dubu 45, ta 1988 sama da dubu 110, ta 2001 dubu 148, ta 2012 kuwa dubu 267. Ke nan cikin shekara 35 yawan jama'a ya ninka kusan sau shida. Tambayar da wannan ƙasida ke son amsawa ita ce: da me waɗannan mutane ke ci, kuma wa ke ba su aikin?

Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa iyakar Najeriya, wadda ke kimanin kilomita 40 kudu da garin, ita ce ta tsara ayyukan yi a Maraɗi. Ita ke ciyar da kasuwa, ita kuma ke hana masana'anta tsayawa da ƙafarta. Za mu fara da duba ma'aunin da masana ke auna ayyuka da shi, sannan mu bi tarihin gyaɗa da na masana'antu, mu zo kan kasuwancin iyaka da matakan ayyukan da ya haifar, mu ƙare da raunin wannan tsari.

2. Ma'aunin masana da abin da yake ɓoyewa

Tun daga ayyukan Colin Clark (1940) da Jean Fourastié (1949) aka saba kasa ayyukan ƙasa gida uku. Sashe na farko, «secteur primaire», shi ne noma da kiwo da su. Na biyu, «secteur secondaire», shi ne sarrafa kaya da gini. Na uku, «secteur tertiaire», shi ne ciniki da sufuri da sauran hidimomi. A tarihin Turai mutane sun bar gona sun shiga masana'anta, daga baya suka bar masana'anta suka shiga ofis da kanti. A Maraɗi an tsallake matakin tsakiya: daga gona aka faɗa kasuwa.

Akwai kuma rabo na biyu, tsakanin aikin da hukuma ta san da zamansa, mai rajista da albashi da takarda, da wanda ba ta rubuta ba, watau «secteur informel». Wannan suna ya bazu ne bayan binciken Keith Hart a unguwar Nima ta birnin Akara da rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan Kenya a 1972. Amfaninsa a Maraɗi kaɗan ne, domin yana zuba attajirin da ke sauke kamiyo goma da yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli cikin buhu ɗaya, don kawai ba su riƙe littafin lissafi irin na kamfani.

Matsala ta uku ta harshe ce, kuma tana shafar kowane lissafi. Takardar tambayoyi da Faransanci ake rubuta ta, da Hausa ake yin tambayar. Kalmar «travail» ko «emploi» takan koma «aiki». To amma a bakin mutanen gari, in an ce wane ya sami aiki, ana nufin aikin albashi, «ma'aikaci» kuwa shi ne mai ɗaukar kuɗi ƙarshen wata. Maƙeri «sana'a» gare shi, ɗan kasuwa «ciniki» ko «harka», saurayin da ke dako yau, gobe ya yi tura, «buga-buga» yake yi. Irin wannan saurayi zai iya cewa ba shi da aiki alhali tun asuba yake tsaye. Matar da ke soya gyaɗa tana tatsar mai a cikin gida za ta iya cewa zaune take. Duk adadin da aka bayar na marasa aiki, sai an tambayi da wace kalma aka yi tambayar.

Siffar sunayen ma'abota sana'a ma tana ba da labarin tsarin. Tsofaffin sana'o'in gado suna da siga ɗaya: maƙeri, majemi, masaƙi, mahauci, marini, magini, kuma da yawansu suna da sarkinsu, kamar sarkin fawa da sarkin maƙera. Sana'o'in da suka zo da zamanin Nasara aro ne: tela, direba, makanike. Waɗanda kasuwar yau ke haifarwa kuwa da «ɗan» ko «mai» ake gina su: ɗan canji, ɗan tebur, ɗan dako, ɗan kamasho, ɗan kabu-kabu, mai shayi. Wannan rukuni na uku shi ne ke ƙaruwa kullum, ba shi da sarki na gado, ba shi da ƙofar shiga sai ɗan jari ko uban gida.

3. Zamanin gyaɗa

Dangantakar Maraɗi da kudu ta girmi iyaka. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar Katsina ya zo ya kafu a nan. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906 ne suka ja layi tsakanin dangi da dangi, suka bar Maraɗi a hannun Faransa, Katsina da Kano a hannun Ingila. Harshe ɗaya ne, auratayya ba ta yanke ba, sai dai kuɗi da doka da haraji suka bambanta. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon gari, aka tayar da sabo a kan tudu.

Gyaɗa ce ta mayar da wannan sabon gari cibiyar ciniki. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, suna sayen gyaɗa da kaka suna sayar da atamfa da gishiri da sukari. Da farko ta Kano ake fitar da ita zuwa Legas, cikin shekarun 1950 kuma aka buɗe hanyar Faraku da Kwatano. Turawan ba su shiga ƙauye da kansu. Suna ba wasu ƴan gari kuɗi a gaba, su kuma su rarraba wa yaransu, su bi kasuwannin ƙauye suna awo. Daga cikin waɗannan masu saye da sunan kamfani ne manyan ƴan kasuwar farko suka fito, waɗanda aka sani da alhazai. Emmanuel Grégoire ya bi tarihinsu a littafinsa na 1986.

Bayan samun mulkin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962, ta ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai. A shekarun 1960 gyaɗa ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take fitarwa. Aikin da take bayarwa na lokaci ne: masu awo, masu ɗinkin buhu, ƴan dako, direbobi, duk da kaka suke samu, da bazara su watse. Farin da ya fara a 1968 ya tsananta a 1973, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Manoma suka koma hatsi da wake. SONARA ta rasa ikonta cikin shekarun 1980, daga baya ta rushe. Gyaɗa ta tafi, amma ta bar abu biyu: jari a hannun alhazai, da hanyar aiki ta uban gida da yaransa.

4. Abin da ya hana masana'antu tsayawa

An gwada masana'antu a Maraɗi, kuma bisa dalili mai kyau, domin an gina su kan abin da ƙasar ke bayarwa. Matatar man gyaɗa ta SICONIGER ta kafu tun shekarun 1940. An yi wurin gurzar auduga. An yi majema ta zamani, SONITAN, saboda fatar jar akuyar Maraɗi wadda ta yi suna a kasuwannin Turai. Da kuɗin yuraniyom suka shigo a ƙarshen shekarun 1970 an ƙara wasu ƙananan masana'antu, wasu da jarin ƴan kasuwar gari, kamar ta katifar soso. Kafin shekarun 1980 su ƙare yawancinsu sun shiga wahala. Majemar ta rufe, matatar mai ta yi shekaru tana tafiyar hawainiya ta kuma canza hannu. Dalilai huɗu ne za a iya kawowa.

Na farko, ɗanyen kaya. Masana'antar da ke jiran damina ba ta da tabbas. Shekarar da gyaɗa ba ta yi ba injin ya tsaya, albashi kuwa bai tsaya ba. Shekarar da ta yi kuma, matatar na takara da dubban mata masu tatsar mai a gida, waɗanda ba su biyan wuta ko haraji, suna kuma cin ribar ƙuli-ƙuli. Fata ma haka: in majemun Kano sun fi saye da daraja, ɗanya za ta ƙetare.

Na biyu, kuɗi. Sefa a ɗaure take, da faran na Faransa a da, da yuro tun 1999. Naira kuwa tana yawo. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya a farashin hukuma, a 2024 sai an ba da fiye da naira 1500 kafin a sami dala. Duk lokacin da naira ta faɗi, musamman daga 1986 da Najeriya ta shiga shirin gyaran tattalin arziki, kayan Kano sukan yi arha ga mai sefa. Sabulu, robobi, atamfa, taki, siminti, duk sun shigo a farashin da masana'antar gida ba ta iya sauka gare shi. Rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya ba da ɗan numfashi, amma bai canza tushen abin ba.

Na uku, girman kasuwa. Masana'antar Kano tana yi wa miliyoyin mutane kaya, saboda haka kowane guda yana faɗo mata da sauƙi. Ta Maraɗi kasuwarta ƙarama ce, masu sayenta talakawa ne, Yamai kuma tana nesa da fiye da kilomita 600. Wutar lantarki ma daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa.

Na huɗu, lissafin mai jari. Ɗan kasuwar da ya sa kuɗinsa cikin shinkafa ko yadi zai juya su sau da yawa a shekara, in hanya ta ɓaci ya canza kaya. Wanda ya sa su cikin inji ya binne su shekaru, ya kuma tsaya inda ma'aikatan haraji ke ganinsa. Rushewar bankin BDRN a 1990 ta ƙara wahalar samun bashi mai dogon zango. Saboda haka ba rashin wayo ba ne ya sa alhazai suka fi son kamiyo da gidaje da gonaki da dabbobi. Lissafi ne, kuma a yanayin da suke ciki lissafin daidai yake.

5. Kasuwancin iyaka

Abin da ke cutar masana'anta shi ne abincin ɗan kasuwa, domin ciniki daga bambanci yake rayuwa: bambancin farashi, na kuɗi, na doka. Kaya iri uku ne ke bi ta Maraɗi.

Iri na farko, amfanin ƙasa mai gangarawa kudu: shanu, awaki, tumaki, wake, aya, riɗi, fatu. Yaƙin basasar Najeriya (1967-1970), wanda ya dagula hanyoyin ciniki na can, ya buɗe wa ƴan kasuwar Maraɗi ƙofa, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma suka faɗaɗa ta.

Iri na biyu, kayan Najeriya masu hawowa arewa: masara da gero a shekarun da damina ta gaza, kayan masana'anta, da man fetur. Muddin gwamnatin Najeriya na biyan tallafin mai, litar can ta fi ta nan arha ƙwarai, ƴan ruwa-ruwa kuma suka cika bakin hanya da kwalabe. Buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011 bai kashe wannan sana'a ba. Cire tallafin da aka yi a Najeriya a Mayun 2023 ne ya rage tazarar da take ci.

Iri na uku shi ne wanda ya yi manyan attajirai, watau kayan wucewa, «transit». Najeriya takan hana shigo da wasu kaya ko ta ɗora musu haraji mai nauyi don ta kare masana'antunta: taba sigari, atamfa da leshi, gwanjo, shinkafa, tsofaffin motoci. Ɗan kasuwar Maraɗi sai ya yi odarsu daga Turai ko Asiya, a sauke a Kwatano ko Lome, su shigo Nijar bisa ƙa'ida, a biya duwan haƙƙinta, a ajiye a sito. Daga nan abokan ciniki na Katsina da Kano su san yadda za su ƙetare da su. Ta ɓangaren Nijar halal ne a doka, har baitulmali na samun rabo. Ta ɓangaren Najeriya fasa-ƙwauri ne. Irin wannan ciniki ba a yinsa da takarda. Da amana ake yinsa, da abota da auratayya da sanin malami ɗaya, shi ya sa baƙo ba ya shigarsa da sauƙi.

6. Matakan ayyuka

In aka bar rabon Fourastié aka dubi wanda ke dogara da wane, ayyukan garin sukan fito kamar dala mai matakai.

6.1. A ƙoli akwai manyan ƴan kasuwa, ƴan tsiraru. Ƙarfinsu ba kuɗi kaɗai ba ne, har da abin da ake kira arzikin mutane, watau yawan waɗanda za su iya aikawa. Uban gida ba ya biyan baransa albashi. Yana ciyar da shi, ya yi masa sutura da salla, ya ɗauki nauyin aurensa, in ya ga amanarsa ya ba shi kaya bashi ko jari ya tsaya da kansa. Wannan ita ce babbar makarantar kasuwanci a garin, ita ce kuma madadin asusun fansho. Aibinta shi ne ba ta da ranar ƙarewa, ba ta da alƙali: bara na iya tsufa yana jiran sallama.

6.2. Ƙarƙashinsu akwai masu hidimar kaya: dillalai, ƴan kamasho, ƴan canji masu juya naira da sefa, masu fitar da kaya a duwan, direbobi da yaran mota, ƴan dako, masu gadin sito. Kowane kamiyon da ya tsaya yana ciyar da gidaje da dama kafin ya tashi.

6.3. Sai ƙananan ƴan kasuwa, masu shago da rumfa da tebur da masu yawo da kaya a ka, waɗanda suka fi yawa ranakun Litinin da Juma'a da babbar kasuwa ke ci. Yawancinsu bashi suke ɗauka wurin na sama, su biya in sun sayar. A gefensu akwai masu sufurin cikin gari, ƴan kabu-kabu da masu adaidaita. Da yawa cikinsu abin hawan ba nasu ba ne, suna kai wa mai shi kuɗi kowace rana, abin da ya saura shi ne nasu.

6.4. Sashen sarrafa kaya na gaskiya yana hannun masu sana'ar hannu: teloli, masu walda, kafintoci, maƙera, masu narka alminiyom su zuba tukwane, magina, masu injin niƙa, masu burodi. In aka haɗa su sun fi ma'aikatan masana'antun zamani yawa nesa ba kusa ba. Ƙarfin aikinsu yara masu koyo ne, waɗanda ba a biya sai kuɗin abinci.

6.5. Akwai masana'anta ta biyu wadda ba a gani daga titi, ta mata a cikin gidaje: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, fura, ƙosai, awara, dafa-duka, ɗinki, kiwon tumakin layya. Inda ake kulle, yara mata ne ke fitar da kayan talla, abin da ke nufin cewa sana'ar uwa takan ci karatun ɗiya. Jarin wannan sashe daga adashi yake fitowa. Ba banza ba ne tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a 1991 ya kuma bazu cikin ƙasashe da dama, a jahar Maraɗi aka haife shi.

6.6. Masu albashi tsiraru ne: malaman makaranta, waɗanda da yawansu ƴan kwantaragi ne, ma'aikatan lafiya, sojoji da ƴan sanda da duwan, ma'aikatan bankuna da kamfanonin tarho da ƙungiyoyin agaji, da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka kafa a 2010. Mafi ƙarancin albashi na doka, wanda ya tashi daga kimanin jika 30 zuwa jika 42 a farkon 2024, wannan rukuni kaɗai ya shafa. Muhimmancinsu ya fi yawansu, domin su ne masu kuɗin da ke zuwa kowane wata, su ake ba bashi a kanti.

6.7. Noma bai bar garin ba. Akwai lambuna a fadamar Gulbi, akwai gandun noman rani na Jiratawa mai kimanin hekta 500, wanda zogalensa ya yi suna. Ɗan kasuwa da ma'aikaci duk suna riƙe gona, ƴan barema na yi musu aiki. Da rani kuma ƴan cin rani ke shigowa daga ƙauyuka su yi ga-ruwa da dako da leburancin gini, damina na faɗuwa su koma. Mutum ɗaya ke nan yana cikin sashe na farko wata huɗu, na biyu ko na uku sauran shekara. Ƙidayar da aka yi a watan Agusta da wadda aka yi a watan Maris ba za su ba da hoto ɗaya ba.

7. Raunin tsarin

Tattalin arzikin da ke rataye da iyaka, makullinsa yana hannun wasu. An ga haka sau uku. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, a daidai lokacin da fari ya sake faɗowa. Ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, musamman don shinkafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma takunkumin CEDEAO ya rufe hanyar Najeriya da ta Benin, aka yanke wuta, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangare. Taƙaddamar Nijar da Benin ta sa kaya suka riƙa zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada da haɗari.

Irin wannan rufewa ba ta taɓa tsayar da ciniki ɗungurungum. Hanyoyin daji sukan buɗe, farashin ƙetarewa ya hau. Amma nauyin ba ya faɗa wa kowa daidai. Mai jari yana da sito cike, tsada ma riba ce gare shi. Ɗan dako da yaron mota da mai abincin tasha, waɗanda ke ci daga yawan motocin da suka tsaya, su ne ke kwana da yunwa tun makon farko. Tun da ba su da rajista, ba su bayyana cikin wani lissafi na waɗanda suka rasa aiki. Ga kuma matsalar ƴan bindiga a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, wadda ta tsananta wajen 2019, ta sa zuwa wasu kasuwannin ƙauye ya zama kasada.

Rauni na biyu na yawan jama'a ne. Binciken lafiya na 2012 ya nuna mace a jahar Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa 8,4 a tsaka-tsaki, na ƙasa baki ɗaya kuwa 7,6. Gonaki suna tsukewa da rabon gado, samari suna gangarowa birni. Sana'o'in «ɗan» da «mai» suna karɓar kowa, amma ƙarin masu tebur ba ya ƙara masu saye. Riba ɗaya ce ake yankawa ƙanana-ƙanana. Saboda haka ciwon Maraɗi ba zaman banza ba ne. Aiki ne mai yawa, mai cin yini, wanda ba ya tara komai.

8. Kammalawa

Mun ga cewa ayyukan yi a Maraɗi ba su bi hanyar da littattafan tattalin arziki suka zana ba. Ciniki da sufuri ne ginshiƙi, sarrafa kaya yana hannun masu sana'ar hannu da matan gida, albashi na tsiraru ne, dangantakar uban gida da bara kuma ita ke ɗaure matakan. Iyaka ce ta haifi wannan tsari, ita ce kuma barazanarsa.

Abu uku ke fitowa daga nan ga masu tsara manufa. Na ɗaya, masana'antar da za ta yi takara da Kano kan kaya iri ɗaya ba ta da makoma. Wadda ke da dama ita ce mai ƙara daraja ga abin da kudu ke zuwa nema a nan: nama, fata, wake, aya, riɗi, zogale. Na biyu, ƙara wa tela da mai walda da mai tatsar mai wuta mai tabbas da bashi mai sauƙi da horo zai taɓa mutane fiye da kafa babban kamfani ɗaya. Na uku, a gyara tambayar kafin a gyara lissafi: a tambayi mutum da me ya ci jiya, da rani da damina, ba ko yana da aiki ba.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai gwada wannan tsari. Jirgi yana rage kuɗin ɗaukar kaya ta fuska biyu. Zai sauƙaƙa fitar da wake da dabbobi, zai kuma sauƙaƙa shigowar kayan Kano, ya rage bukatar kamiyo da hannuwan da ke ci daga gare shi. Ko Maraɗi ta zama wurin da ake sarrafa kaya, ko ta zama tashar da kaya ke ratsawa kawai, ya danganta ga inda masu jarin garin za su sa kuɗinsu da irin tabbacin da hukuma za ta ba su.